Kundin Aikin Haɗa Kayan Ɗaurin Ƙudajen Fatsa

6 ga Janairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne in cika akwati guda da ƙudajen fatsa waɗanda na ɗaura da hannuna, wato koton jabun nan da ake haɗawa da gashin tsuntsu da gashin dabba da zare da siririyar waya a jikin ƙugiya, domin ya yi kama da ƙwaron da kifi ya saba ci. Na zaɓi samfura huɗu da kowannensu yake da irin bukatarsa: Pheasant Tail, wanda yake nutsewa, Elk Hair Caddis da Adams, waɗanda suke zama a saman ruwa, sai Muddler Minnow, wanda yake kwaikwayon ƙaramin kifi. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne ba zan nemi wani kayan aiki ba sai samfurin da nake ɗaurawa ya nuna mini a fili cewa yatsu kaɗai sun gaza. Dalili kuwa shi ne jerin kayan da masu sayarwa suke tallatawa cike yake da ƙananan ƙarafa iri-iri, kuma wanda bai taɓa naɗa zare a ƙugiya ba ba shi da hanyar bambance abin da aiki yake bukata da abin da aka ƙera don kawai a sayar.

Tarihin sana'ar ma yana goyon bayan wannan sharaɗi. Tun wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubuci ɗan Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Masedoniya suke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara guda biyu, kuma Carrie Stevens ta jihar Maine a Amurka, wadda ta yi suna da samfurin Gray Ghost, a hannu take riƙe ƙugiyarta ba tare da mariƙi ba. Ni ban kai wannan matsayi ba, amma sanin haka yana rage wa mutum zumuɗin saye.

18 ga Janairu

Mariƙin ƙugiya na fara nema, domin duk sauran aikin a kansa yake tafiya. Aikinsa ɗaya ne: ya danƙe ƙugiya ta wajen lanƙwasarta, ya bar gangarta a miƙe, kada ta motsa ko da an ja zare da ƙarfi. Yadda ake rufe bakinsa ya kasu uku. Akwai mai liba a baya, wadda idan an danna ta take janyo muƙamuƙan cikin wani bututu su matse, irin tsohon samfurin Thompson. Akwai mai sifirin mai ƙarfi wanda kullum bakinsa a rufe yake, sai an matsa hannunsa yake buɗewa, kamar na kamfanin Regal. Akwai kuma wanda ake saita faɗin bakin da sukuru, sannan a kulle da 'yar liba. Bayan wannan akwai batun juyawa. Mariƙai da yawa suna juyawa, amma a wasu ne kaɗai gangar ƙugiya take daidai da layin juyawar, ta yadda ƙugiyar za ta mirgina a inda take ba tare da ta yi sama da ƙasa ba. Kamfanin Renzetti ya yi suna da irin wannan.

Na fara gwaji da wani mariƙi marar suna da na ara, irin wanda yake zuwa cikin kunshin kayan masu koyo. Da ƙugiya mai lamba 10 bai nuna wata matsala ba. Sai dai lambar ƙugiya tana tafiya ne a juye, wato gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya, kuma da na sa mai lamba 18 na danna idonta, wato zoben da ake ɗaura igiyar fatsa a jikinsa, da farce, sai ta sunkuya ƙasa a hankali. Da na rufe bakin babu komai a ciki na ɗaga shi wajen fitila, sai ga siririn haske yana ratsa ƙarshen muƙamuƙan, alamar ba su haɗuwa a daidai wurin da ƙaramar ƙugiya take zama. A cikin bakin kuma akwai 'yan ramuka inda ƙugiyoyin da aka matsa a baya suka ci ƙarfen, domin ƙarfen muƙamuƙin ya fi na ƙugiyar taushi. Waɗannan gwaje-gwaje biyu, na haske da na farce, da su na auna duk mariƙin da na duba daga baya.

Na tsaya a kan mai cikakken juyawa, mai gindin ƙarfe mai nauyi. Wanda ake ɗaurewa a gefen tebur ya fi shi tsayawa daram, kuma ana iya ɗaga shi ko sauke shi daidai da tsayin mai aiki, amma sai an samu tebur mai leɓen da zai kama. Wani abin lura game da amfani da shi: ba a sa ƙugiya a can ƙarshen tsinin muƙamuƙi a matsa da ƙarfi, domin tana iya tsalle ta fice, wani lokaci ma ta ɓantare bakin.

1 ga Fabrairu

Wannan makon na mariƙin zare ne, kuma a nan na fi daɗewa. Ƙirarsa ba ta da wuya: ƙafafu biyu na waya da suke matse kwarkwaron zare ta gefe biyu, da siririn bututu da zaren yake bi ya fito. Amfaninsa biyu ne. Bututun yana ba mutum damar ajiye zare a daidai inda yake so, sannan idan an sake shi yana reto, nauyinsa yana riƙe abin da aka ɗaura kada ya warware kafin a ɗauko abu na gaba.

Zare ya yi ta tsinkewa a mariƙin farko da na gwada, mai bututun ƙarfe, kuma kafin ya tsinke sai in ga ya fara yin gashi-gashi. Na ja zaren da ɗan ƙarfi na zagaya da shi a leɓen bututun, sai ya kama a wuri ɗaya. Da na duba da gilashin ƙara girma, akwai wani ɗan kaifi da ba a goge ba wajen ƙira. Bututun tangaran ya magance wannan, kuma ba ya yin zirin da zare mai ƙarfi yake haƙawa a ƙarfe bayan dogon amfani. Illarsa ita ce yana fashewa idan ya faɗi a daɓe mai tauri. Sai batun matsin ƙafafu, wanda ba kasafai ake yin bayaninsa ba. Sabon mariƙi yakan zo da matsi mai yawa, don haka sai an ɗan buɗa ƙafafun da hannu, ana riƙe da mahaɗarsu kada ta ɓalle, har a kai matsayin da mariƙin zai yi reto ba tare da ya zame ƙasa ba, amma ya saki zare da zarar an ja. A ganina abubuwa uku ne suke tsinka zare fiye da komai: leɓen bututu, tsinin ƙugiya da zaren yake gogawa a kowane zagaye, da kaushin yatsu. Ba safai laifin yake zama na zaren kansa ba.

Awon zare yana da ruɗani. Tsarin da ake rubutawa 3/0 da 6/0 da 8/0 yana nufin gwargwadon girman lambar da ke kafin sifilin gwargwadon sirantaka, amma kowane kamfani da nasa ma'auni, don haka 8/0 na wannan ba lallai ya zo daidai da 8/0 na wancan ba. Awon diniya ya fi tabbas, domin shi nauyin zare mai tsawon mita 9,000 ne a giram. Na ɗauki mai diniya 70 don ƙananan ƙugiyoyi, da mai diniya 140 don aikin gashin dabba. Kowane sabon zare nakan ɗaura shi a ƙugiya in ja har ya tsinke da gangan, domin hannu ya san iyakarsa.

Na kuma lura cewa kowane zagaye yana ƙara wa zare murɗa. Ga mai aiki da hannun dama, idan ya bar mariƙin yana reto ya juya shi saɓanin tafiyar hannun agogo, zaren yana warwarewa ya zama falle mai faɗi wanda yake kwanciya sumul. Idan kuma ya murɗa shi ta ɗaya ɓangaren, sai ya zama kamar igiya, ya fi shiga cikin gashi ya kama. Abin zura zare a bututu ban saya ba, domin 'yar wayar da aka ninka biyu tana yin aikin.

9 ga Fabrairu

Na fara ɗaura Pheasant Tail. Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a yankin Wiltshire na Ingila, shi ya ƙirƙiro shi, kuma a ainihin ɗaurinsa babu zare ko kaɗan: silin gashin jelar tsuntsun fezan ne da siririyar wayar jan ƙarfe, wadda take ɗaurewa kuma take ba da nauyi. Wannan samfuri shi ya kawo batun almakashi. Na samu mai tsawon kusan santimita 10, mai tsini sosai, wanda ɗaya daga cikin kaifinsa yake da ƙananan haƙora da suke riƙe gashi kada ya zame. Gwajinsa shi ne ya yanke sili ɗaya da ƙarshen tsininsa, ba da tsakiya ba. Waya ba ta zuwa kusa da shi. Siririyar waya ma ba ta bukatar yanka, ana riƙe ta a kaɗa ta a zagaye sai ta ɓalle a gindinta, ba ta bar tsini ba.

Ga waɗanda nake so su nutse da sauri na sa ƙwallon ƙarfe a kai. Tsantsar tangistin tana da nauyin giram 19.3 a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, tagulla kuwa wajen 8.5, dalma 11.3, shi ya sa ƙwallon tangistin ya fi takwaransa na tagulla saurin kai koto ƙasa. Ƙwallo mai faɗin milimita 2.4 ya dace da ƙugiya mai lamba 14 ko 16. Ramin ƙwallon ƙarami ne ta gefe ɗaya, babba ta ɗaya gefen, kuma ta ƙaramin ake zura tsinin ƙugiya domin shi ne zai tsaya a bayan ido. Yatsu ba sa iya riƙe abu ƙarami haka, don haka matsefata ta shigo cikin kayan, tare da faranti mai maganaɗisu da yake hana ƙugiyoyi watsewa.

2 ga Maris

Elk Hair Caddis, wanda Al Troth ya fara ɗaurawa a jihar Fensilbeniya a 1957, fiffikensa na gashin elk ne, wata babbar barewa ta Arewacin Amurka, kuma kyansa shi ne ƙarshen silin gashin su zo daidai da juna. Da yatsu abin ya gagara, don haka na nemi bututun jera gashi. Bututu biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, na wajen yana da gindi a rufe. Ana zura gashin da tsininsa a ƙasa, a toshe bakin da yatsa, a buga gindin a tebur sau 'yan kaɗan, sannan a kwantar da shi a zare bututun ciki a hankali, sai tsinin ya bayyana a jere, a kama shi da hannun da zai riƙe shi a kan ƙugiya.

A gwajin farko gashin ya ƙi sauka duk bugun da aka yi. Ashe a gindin kowane damin gashi akwai wani lallausan gashi mai kama da auduga, wanda yake sarƙe silin da juna, kuma muddin ba a taje shi an fitar ba, babu bututun da zai jera komai. Ƙaramin mataji mai ƙananan haƙora ya isa. Abu na biyu shi ne girman bututun. Idan ya yi ƙunci gashin yana cushewa, idan ya yi faɗi da yawa yana karkacewa, don haka mai matsakaicin baki ya fi dacewa da ƙugiya mai lamba 12 zuwa 16. Na gwada na roba da na tagulla. Na robar yana tara irin lantarkin nan da gogayya take haifarwa, sai gashi ya manne a bangonsa, na tagulla kuwa yana da nauyin da yake sa bugu ɗaya ya yi tasiri.

Shi gashin irin waɗannan dabbobi cikinsa cike yake da ƙananan guraben iska, shi ya sa yake yawo a saman ruwa, shi ya sa kuma yake bajewa idan zare ya matse shi. A nan darasin murɗa zare ya yi amfani: zagaye biyu sako-sako tukuna, sannan a ja a miƙe ana riƙe da damin da kyau, in ba haka ba fiffiken ya mirgine zuwa gefen ƙugiya.

16 ga Maris

Har zuwa yanzu da ƙullin rabi nake rufe kowane ɗauri, ina amfani da bakin bututun biro wajen tura ƙullin ya wuce idon ƙugiya. Yana riƙewa, amma ba kamar ƙullin da ake naɗa zare sau huɗu ko biyar a kan kansa sannan a janye ƙarshen ta ƙarƙashi ba. Ana iya yin wannan da yatsu biyu, sai dai a ƙaramar ƙugiya kaushin yatsa yana cin zaren. Na samu maƙullin zare irin ƙirar Frank Matarelli na birnin San Faransisko, wanda waya ce da aka lanƙwasa, mai ƙugiya a gaba da ɗan lungu a baya, tana juyawa a cikin hannunta.

Ana maƙala zaren a ƙugiyar da lungun, sai ya yi siffar lamba 4, a saki wayar ta juya da kanta yayin da ake zagaya kan ƙudan. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a riƙe wayar da yatsa lokacin zagayawa, kuma kowane zagaye ya kwanta a gaban na baya yana nufar ido, ba ya hau kansa ba. Ɗigon gam na rufe ɗauri kuwa da tsinin allura ake sa shi. Allurar ɗinki ce na kafa a guntun itace, kuma ban ga abin da ta saye za ta fi ta da shi ba. Da ita nake buɗe idon ƙugiya idan gam ya toshe shi, da ita kuma nake zaƙulo silin da zare ya danne.

6 ga Afrilu

Adams, wanda Leonard Halladay ya ɗaura a jihar Mishigan a 1922, yana tsayawa a saman ruwa ne bisa silin gashin wuyan zakara guda biyu, ɗaya wake-wake ɗaya ja-ja, da ake naɗawa a bayan ido. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tsawon sili ya kai ninki ɗaya da rabi na tazarar da ke tsakanin tsinin ƙugiya da gangarta. Akwai ma'aunin da ake sayarwa don haka, ɗan faranti mai fil a tsaye da da'irori masu lambobi, ana lanƙwasa gashin a jikin fil ɗin a ga inda silin ya tsaya. Na yi amfani da shi na ɗan lokaci, daga baya na ga lanƙwasa gashin a jikin ƙugiyar da ke cikin mariƙi ya fi gaskiya, tun da faɗin bakin ƙugiyoyi masu lamba ɗaya yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Hantsakin kama gashi ya fi ba ni aiki. Irin na waya mai zobe, wanda ake zura yatsa a ciki, shi ne na asali, amma wanda na fara samu bakinsa yana da kaifi, yana datse ƙarshen gashin ana tsakiyar naɗi, sai komai ya warware. Na goge bakin da takardar gurza mai laushi, na sa guntun robar da ake rufe wayar lantarki da ita a leɓe ɗaya, sai ya daina yanka kuma ya daina saki. Ɗan maƙalin nan mai sifirin da masu gyaran kayan lantarki suke kama siraran wayoyi da shi ya fi dacewa da ƙananan gashi, domin ba shi da nauyin da zai tsinka su.

Wani abin mamaki shi ne ingancin gashin yana rage bukatar hantsakin. Gonaki irin su Whiting a jihar Kolorado sun daɗe suna kiwon zakaru musamman saboda gashinsu, har gashin gadon bayansu ya zama dogo siriri, mai sili daidai wa daida daga gindi zuwa kai, wanda guda ɗaya yake isa ƙudaje da yawa. Irin wannan da yatsu ake riƙe shi, kuma a nan mariƙi mai juyawa ya nuna amfaninsa, domin ana riƙe gashin wuri ɗaya ne a juya ƙugiyar, kowane zagaye ya kwanta kusa da ɗan'uwansa kuma ido yana ganin kowane gefe.

13 ga Afrilu

Babu sabon ɗauri a wannan makon, sai gyaran wurin aiki. Na sa fitila mai dogon wuya ta haska daga sama ta gefen kafaɗa, na kuma kafa kwali mai launin toka a bayan mariƙi, domin ido ya daina rasa siririn zare a cikin tarkacen tebur. A ƙugiya mai lamba 18 wannan ya kawo sauyin da ya fi na wasu kayan da na saya.

4 ga Mayu

Muddler Minnow, na Don Gapen, wanda aka fara jefawa a kogin Nipigon na Kanada a shekarun 1930, kansa na gashin barewa ne da ake juyawa ya zagaye ƙugiya, a cusa shi, sannan a aske. Zare mai diniya 140 ya yi aiki, amma yana gab da iyakarsa, don haka na gwada zaren GSP, wani irin zaren roba wanda yake da ƙarfi ƙwarai duk da sirantakarsa. Yana da santsi, sai an shafa masa ɗan kaki a farkon ɗauri, kuma idan aka ja shi fiye da kima yana datse gashin gida biyu. Almakashi ba ya yanka shi a sake, sai an ɗame shi an goga kaifi ɗaya a jikinsa. Bututun tangaran ya zama dole a nan.

Bayan kowane dami ya baje, sai an tura shi baya da ƙarfi kafin a sa na gaba, domin gwargwadon cushewar gashi gwargwadon santsin kan bayan aski. Bututun biro ya yi wannan aiki a ƙugiya mai lamba 8, amma ba ya wuce idon manyan ƙugiyoyi, kuma dole a riƙe bayan ɗaurin da ɗaya hannun kada duk jikin ya zame zuwa lanƙwasa, ana kuma kiyaye yatsa daga tsini. Askin da sabuwar reza mai baki biyu na yi shi. Ana fara shafe ƙasan kan ya zama shimfiɗaɗɗe don kada gashi ya toshe bakin ƙugiya, sannan a lanƙwasa rezar tsakanin yatsu biyu a tura ta daga ido zuwa baya, kaɗan-kaɗan kamar yadda mai aski yake bin ƙeya. Reza tana dakushewa da wuri a wannan gashi, kuma da zarar ta fara ja maimakon yanka sai a sauya ta.

Layin Pheasant Tail da na Elk Hair Caddis sun cika a akwatin, na Adams ya kai rabi, na Muddler kuwa yanzu aka fara. Abin da ya rage a nema shi ne macushin gashi na ƙarfe wanda bakinsa zai wuce idon ƙugiya mai lamba 4, da kuma abin murɗa madaukin zare, wanda zan bukata idan na koma kan gashin nan mai laushi da yake fitowa kusa da jakar mai ta bayan agwagwa. Marc Petitjean na ƙasar Suwizalan ya ƙera maƙalai na musamman don kama silin irin wannan gashi a jere, amma zan fara gwada maƙalin takarda mai faɗin baki tukuna, in ga ko zai riƙe su ba tare da sun zube ba.